Tsakanin Kyamara da Tukunyar Nabe

 

Ya ɗan uwa mai karatu, a watan Janairun 2025 Allah ya nufe ni da yin kwana shida a birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wato Santambul a bakin kakanninmu. Ba fatauci ya kai ni ba, ba kuma neman magani ba, kamar yadda galibin mutanenmu ke zuwa. Ɗaukar hoto na je yi, abin da ya zame mini jaraba tun ina ɗalibi. A rana ta huɗu, dab da Magariba, ina tsaye a kan gadar Galata inda masu kamun kifi ke jeruwa da ƙugiyoyinsu, iskar teku na ratsa rigar sanyina, yatsuna sun sandare har da ƙyar nake danna kyamara. Can bisa tudu ga Masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Sinan ya kammala a 1557, rana ta faɗa bayansa, sama ta yi ja kamar an watsa mata garwashi. Irin wannan lokaci kowane mai ɗaukar hoto ke farauta, ni kuwa ga shi na samu. To amma maimakon murna, sai na ji wata kewa ta taso mini daga ƙirji har na sauke kyamarar. Abin da raina ke so a wannan sa'a shi ne in ga kaina durƙushe gaban wata tukunyar ƙasa mai tafarfasa, a wani ƙaramin ɗaki da ke birnin Sendai, arewa maso gabashin ƙasar Japan.

Da farko abin dariya ya ba ni. Ga ni a garin da ladanai ke kira daga kowace kusurwa, gasasshen nama da miyar adas da gurasa mai riɗi na nan a kowane lungu, ba ka buƙatar tambayar kowa yadda aka yanka ragon. Amma zuciyata ta tsallake duk wannan ni'ima ta tafi ƙasar da na yi shekara huɗu, daga 2014 zuwa 2018, ina juya kowane ƙunshin abinci a kanti ina duba bayansa, ƙasar da harafin da ke nufin alade shi na fara haddacewa tun kafin in iya rubuta adireshina da rubutunsu. Na koma masauki ina tambayar kaina dalili, amsar da na samu kuwa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina a taƙaice shi ne, mu matasan da Allah ya hore wa fita ƙasashen waje muna kashe mafi tsadar abin da ke hannun matafiyi, wato lokaci da hankali, wajen tara abin da ba za mu taɓa kewarsa ba, sannan mu yi rowarsu ga abin da zai dame mu da bege bayan shekaru. Ni kaina shaida ne a kan haka, kuma shaidar ba ta wanke ni ba.

Bari in fara da tukunyar, domin na san da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin sunanta ba. Kalmar nabe a Japananci tukunya take nufi, sai sunan ya bi abincin da ake dafawa a cikinta. Abincin hunturu ne. A da can a murhun da ake haƙawa a tsakiyar ɗaki ake yin sa, a rataye tukunyar a saman wuta, iyali su kewaye ta. A yau ƙaramin murhun gas ake ɗorawa a tsakiyar tebur, a aza masa wata faffaɗar tukunyar yumɓu mai murfi da suke kira donabe, a zuba romon da ake kira dashi. Shi wannan romo ba ruwansa da ƙashi ko tattasai. Busasshen ganyen teku ne mai suna kombu ake jiƙawa, a ɗumama ruwan a hankali, a tsame ganyen kafin ya tafasa, sannan a watsa busasshen kifin da aka kankare siri-siri kamar takarda, a tace. In ka kalle shi sai ka ce shayi ne da bai ji ganye ba, amma ɗanɗanonsa zama yake yi a harshe. Wani masanin sinadarai a Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano a 1908 cewa sinadarin gulutamet da ke cikin kombu shi ke ba da wannan ɗanɗano, ya raɗa masa suna umami, shekara guda bayan nan aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Ashe farin magin nan da iyayenmu mata ke barbaɗawa a miya, asalinsa daga wannan romo ne. Ni dai har gobe daddawa ta fi kwanta mini, amma wannan wata magana ce daban.

A gefe kuma akan jera ɗanyen kaya a faranti. Akwai wani kabeji mai dogon ganye da ake kira hakusai, da albasa mai kauri da dogon lawashi, da awara fara sol wadda ba ta ga mai ba, da laimar kwaɗi iri biyu ko uku, wadda mu a gida ko da ƙafa ba ma son taɓawa, su kuwa nomanta suke yi. Sai kifi, ko kaza, ko naman da aka yanka siriri har kana hango faranti ta cikinsa. Ba a zuba su gaba ɗaya. Mai tauri shi ke riga shiga, ganye ya biyo baya, kowa na zaune yana kallo. Abin da ya nuna a tsamo, a tsoma cikin ponzu, wato baƙin ruwan waken suya mai gishiri da aka haɗa da ruwan lemo mai tsami, a ci da zafinsa, a sake zuba wani. In kayan sun ƙare kakaf, romon ya riga ya tsotse daɗin duk abin da ya ratsa shi, sai a juye dafaffiyar shinkafa a ciki, a fasa ƙwai a kai, a rufe na ɗan lokaci. Shime suke kiran wannan rufewa, kuma nan ne santi ke kama baƙo ya fara zuba ba tare da an tambaye shi ba.

Kusan kowane yanki da irin tasa tukunyar. Mutanen Hokkaido da kifin salmon suke yi, na Fukuoka da kaza zalla. 'Yan kokawar sumo na da tasu mai suna canko, kuma a al'adance kaza suka fi so a lokacin gasa, wai don ita da ƙafa biyu take tsayawa, ɗan kokawar da ya dafa ƙasa da hannu kuwa ya faɗi. Shabu-shabu ya samo sunansa ne daga ƙarar da nama ke yi in ana kaɗa shi a romo, wani gidan abinci a Osaka ya raɗa masa a farkon shekarun 1950. Naman shanu ma baƙo ne a tukunyarsu, domin tun a 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar taƙaita cin naman dabbobin gida, aka ɗauki ƙarnuka ana ƙyamarsa, sai a 1872 da Sarki Meiji ya ci a fili sannan ƙofa ta buɗe. A kowane zama kuma ba a rasa mutum ɗaya da ke naɗa kansa hakimin tukunya, shi ke cewa a jira, shi ke kwashe kumfa da ludayi, shi ke hararar wanda ya yi gaggawar tsamo awara. Har suna gare shi a harshensu, nabe bugyo.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne, wannan abinci ba ya ciwuwa a tsaye, ba ya ciwuwa da gaggawa. Ko kana so ko ba ka so sai ka zauna sa'a biyu kana fuskantar mutane, domin girkin a gabanka ake yin sa, da kai ake yin sa. Wanda ya tashi a gidan da ake ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan Isha'i a haɗu a ci na wannan a koma na wancan, ba ya buƙatar dogon bayani. Addininmu ma ya kwaɗaitar da haɗuwa a kan abinci, ya sanya albarka a cikin hakan, ya koya mana cin abin da ke gabanmu. Na yi mamakin samun wannan ladabi a gidan da ba a taɓa jin sunan hadisi ba.

Wadda ta koya mini duk wannan wata tsohuwa ce da ke zaune a ɗakin da ke ƙarƙashin nawa. Obaacan nake kiranta, wato Kaka, kamar yadda jikoki ke kira a can. Gaisuwa ce ta haɗa mu, irin ta Bahaushe da ba ta ƙarewa a kalma ɗaya, sai kuma ɗaukar mata jarkar kananzir mai cin lita 18 ta murhun ɗumama ɗaki da nakan yi. A hunturuna na farko ta gayyace ni nabe, na ƙi cikin ladabi. Ta sake, na sake ƙi, har ta ritsa ni a bakin matakala ta ce in gaya mata gaskiya. Da guntun Japanancina na yi mata bayani cewa ba na cin alade, ba na cin naman da ba a yanka shi yadda addinina ya tanada ba, sannan girkinsu na yawan shan sake da mirin, waɗanda duk giyar shinkafa ce, na biyun ma barasar da ke cikinsa na kaiwa kashi 14 cikin 100. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To kifi fa?" Na ce, "Kifi babu laifi, Kaka." Ta ce, "Shi ke nan, ka zo ran Asabar."

Da na je sai na tarar da tukunya sabuwa dal. Ta ce tsohuwar ta sha alade shekara da shekaru, tukunyar yumɓu kuwa riƙe abin da aka dafa a cikinta take yi, don haka ta sayo wata, ta dafa kunun shinkafa a ciki tun shekaranjiya don ya toshe mata ƙofofi, kamar yadda ake yi wa kowace sabuwar donabe. Ban nemi haka ba, ban ma san ana yi ba. Ponzu ma da hannunta ta haɗa, don ta duba na kanti ta ga akwai barasa a ciki. Ta sa farin kifin nan na ruwan sanyi da suke kira tara, da wani ganye mai ƙamshi da ake kira seri, wanda mutanen jihar Miyagi ke ci har da saiwarsa. Tun daga ranar tukunyar nan ta zama ta ɗalibi, ba a dafa komai a cikinta sai ina nan. Hunturu huɗu muka yi a haka, wani lokaci mu biyu, wani lokaci da 'yarta da jikokinta.

Ni kuwa a wancan zamani hankalina na kan kyamara. Japan ce gidan Canon da Nikon da Sony da Fujifilm, ɗalibi na iya samun 'yar gwanjo mai lafiya da kuɗin ɗan aikin da yake yi bayan aji. Na sayi tawa na shiga duniya. Na ɗauki tsibiran Matsushima kimanin 260 daga tudu da kuma daga cikin jirgin ruwa, na ɗauki bikin Tanabata na watan Agusta, da furen sakura na Afrilu, da Dutsen Fuji mai tsawon mita 3,776, da Masallacin Kobe da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Ranar da na bar ƙasar ina da hotuna sama da 11,000. Gaskiyar magana, ya ɗan uwa, daga lokacin zuwa yau ko ɗaya bisa goma nasu ban buɗe ba, waɗanda na buɗe kuwa babu wanda ya taɓa motsa mini zuciya. Fujina da Fujin kowa duk ɗaya ne, akwai dubbai da suka fi nawa kyau a intanet, kyauta.

Ba na so a ɗauka ina cikin masu cewa a jefar da kyamara. Malamai sun yi saɓani a kan hoton da ake ɗauka da na'ura, wasu sun hana sai da lalura, wasu da yawa sun halatta matuƙar abin da aka ɗauka halal ne, kowa kuma ya san wanda yake bi. Ba wannan muhawara ta kawo ni ba. Damuwata ita ce abin da kyamara ke yi wa mai riƙe da ita. Mai ɗaukar hoto ja da baya yake yi don komai ya shiga, yana zaɓen abin da zai bari yana yanke saura, kuma mafi yawan abin da yake yankewa mutane ne. A wannan tafiya ta Santambul na yi kusan minti 20 a harabar Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida ina jiran jama'a su ragu don in sami hoto tsaf. Sai daga baya na lura da abin da nake nema, wato masallaci babu masallata. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da tafiya a bayan ƙasa, amma ya haɗa tafiyar da dubawa da lura da ɗaukar izina. Mu kuwa mun wakilta na'ura ta gane mana, mun ce in mun koma gida ma duba, alhali mun san ba za mu duba ba. Wanda ya je Umara a 'yan shekarun nan ya ga ƙarshen wannan ɗabi'a, mutum ya ci bashi ya ketare teku, ya iso gaban Ɗakin Allah, abu na farko da zai yi shi ne ya juya masa baya ya ɗaga waya.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda muke ɗauka, wanda ba kasafai muke tunawa da shi ba. Baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, kuma mutanen ƙasar, duk da kawaicin da aka san su da shi, sun fara nuna gajiya. A unguwar Gion ta birnin Kyoto, tun a watan Oktoban 2019 mazauna suka kafa alluna na hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, saboda yadda baƙi ke bin matan nan masu kayan gargajiya da gudu, suna tare musu hanya, wasu har da jan riga. A 2024 suka ƙara da hana shiga wasu lungunan ɗungurungum. A watan Mayun wannan shekarar kuma hukumar garin Fujikawaguchiko ta kafa baƙin labule mai tsawon mita 20 da tsayin mita 2.5 a gefen titi, don kawai ta rufe wani wuri da ake hango Fuji a saman rufin wani kanti, inda masu hoto ke cika titi suna tsallaka shi ba bisa ƙa'ida ba, suna shiga harabar mutane. Ba a yi kwana goma ba aka fara huda labulen don a zura idon kyamara. An sauke shi a watan Agusta. Duk wanda ya taɓa ganin baƙo ya sauko daga mota a garinmu ya auna kyamara kan almajirai ko mata a bakin rijiya ba tare da ko sallama ba, ya san zafin abin. Bai kamata mu je garin wasu mu zama wannan baƙon ba.

Wani zai ce, to ai hoto shi ke riƙe abin da ƙwaƙwalwa ke saki, kuma wanda ya rasa nasa shi ya san darajarsa. Wannan gaskiya ne, kuma a bakin tukunyar nan na fara fahimtar girman gaskiyarsa. Kaka ba 'yar Sendai ba ce. Daga Yamamoto take, wani ƙaramin gari a bakin teku, kudancin jihar Miyagi. A ranar Juma'a 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta afku, igiyar ruwa ta biyo baya, mutum kusan 15,900 suka mutu, sama da 2,500 kuma ba a ga ko gawarsu ba. Ita ta tsira da kayan jikinta kawai, gidan ya tafi da duk abin da ke ciki. Bayan ruwa ya janye, sojoji da masu aikin ceto suka riƙa tsintar hotuna a cikin laka suna ajiyewa gefe. A Yamamoto kaɗai an tara kimanin 750,000, 'yan sa kai suka zo daga ko'ina suna wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwa da buroshi mai taushi, suna shanyawa, suna sake ɗaukarsu da kyamara don a adana kafin ƙwayoyin cuta su cinye fuskar takardar.

Ta ce mini ta yi ta komawa wurin da aka baje su, tana bin layi-layi har idonta ya gaji. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin ruwan, kuma ta fara tsoron kada kamanninsa su ɓace mata. Daga ƙarshe ta sami guda ɗaya, na ranar auren 'yarsu, gefensa duk ya narke, amma fuskarsa na nan. Ta tashi ta ɗauko ta nuna mini. Sai na tambaye ta, a cikin hotunan nan masu yawa haka, wane iri ne mutane suka fi nema? Ta yi dariya ta ce ita dai ba ta ga wanda ya zo neman dutse ba. Na yi dariya ni ma, na ƙara awara, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Hausawa sun ce gani ba ci ba, ashe ji ma ba ganewa ba ne.

A watan Fabrairun 2018, saura wata guda in bar ƙasar, ta ce in zo ran Asabar mu yi ta ban kwana, ta riga ta yi wa mai kifi magana. A ranar Juma'a da dare na duba hasashen yanayi na ga gobe sama za ta washe a tsaunukan Zao. A can ne ake samun abin da suke kira dodannin ƙanƙara, wato itatuwan da iskar Saberiya ke ɗebo raɓa daga teku ta watsa musu, raɓar ta daskare a jikinsu, dusar ƙanƙara ta hau kai, har su zama kamar wasu ƙatti farare da ke tsaye bisa dutse. Ba kullum ake samun sararin ganinsu ba, ni kuwa hunturu uku ina nema hazo na hana ni. Da asuba na zura mata 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofa ina ba ta haƙuri, na ce sai wani mako. Na hau tsauni, na sami abin da nake so, hotuna sama da 400, har da na dare da aka haska su da fitilu. Wani makon kuwa bai zo ba. Kare kundin digiri ya taso, sai haɗa kaya, sai rufe asusun banki, ita ma mura ta kwantar da ita. A bakin ƙofa muka yi sallama a tsaye, ta ba ni ƙunshin kombu, ta ce tukunyar na nan tana jira.

Akwai wani nauyi kuma da ban cika son faɗarsa ba. A kan wannan tukunya ta sha tambayata game da addinina, me ya sa nake wanke ƙafa sau da yawa a rana, me nake faɗa a hankali kafin in fara ci, ina nake ganin mijinta yake yanzu. Nakan ba ta amsa a gajarce, baki cike da abinci, da niyyar wata rana in Japanancina ya nuna zan zauna in yi mata bayani yadda ya kamata. Mutumin da ya iya jiran hunturu uku don hazo ya yaye daga kan itace, bai iya ware yammaci ɗaya ga tsohuwar da ta sayi tukunya dominsa ba.

A ƙarshen 2021, lokacin da Japan ta rufe ƙofofinta ga baƙi saboda annobar korona, 'yarta ta aiko mini da saƙo cewa Kaka ta rasu. Al'amarinta na ga Allah. A ƙarshen saƙon ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce duk hotunan mahaifiyarta na da ruwa ya tafi da su, bayan nan kuma tsohuwar ba ta son a ɗauke ta, amma sun san ni kullum da kyamara a wuya, ko akwai nata a wurina? Na kwana ina bincike. Na wuce Matsushima, na wuce Fuji, na wuce sakura na shekara huɗu, na wuce dodannin Zao ɗaya bayan ɗaya. A cikin hotuna sama da 11,000 guda ɗaya tak na samu, shi ma ba ita na yi niyyar ɗauka ba, tukunyar na auna don in nuna wa abokai irin abin da nake ci. A daidai lokacin ta buɗe murfi, tururi ya taso ya rufe idon kyamarar, hoton ya fito fari dishi-dishi. Babu abin da ake gani sai gefen tukunya da hannunta riƙe da ludayi. Ban san ma abin da ya hana ni goge shi ba tun a ranar.

Na aika mata da shi ina jin kunya, na ba ta haƙuri. Bayan kwana biyu ta amsa. Ta ce ta gane hannun, ga tabon ƙunar da ke bayan babban yatsa, ta wanke hoton ta manna a jikin firij. Ta ce kuma da suke kwashe kayan ɗakin sun ga wata tukunya a saman kabad naɗe cikin jarida, an rubuta sunana a kai da rubutun tsohuwar, ba su san abin da za su yi da ita ba. Na ce su ajiye mini. Har yau tana can, ni kuma ga ni na sami kuɗin jirgi na nufi wata ƙasar daban, don an ce faɗuwar ranarta na da kyau a hoto.

A daren nan na Santambul, da na idar da Isha'i, na buɗe hoton a waya na daɗe ina kallonsa, sannan na sauko na shiga wani ɗan shago kusa da masauki na ce a ba ni miyar adas. Ta zo da zafinta, da yankin lemun tsami a gefe, babu abin da ta rasa. Ni kaɗai ne a shagon. Mai shagon, wani dattijo mai farin gashin baki, ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ya ga kyamara a kan tebur, ya gyara tsayuwa ya nuna kansa, wai in ɗauke shi. Na ce masa, "Baba, zauna mu sha shayi tukuna." Bai gane ba sai da na nuna masa kujera. Ya leƙa waje ya ga babu mai shigowa, ya ɗauko kofi biyu ya zauna.